HIKIMAR FESHI: YADDA A KE MAI DA ABU MAI RUWA YA ZAMA GARI

Daga wani Jami'in Ilmi

Kwanakin baya na zauna sauraren wani darasi a kwalejin horon malamai, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ta sa 'yan ajin dariya. Ya ce, "Malam, madarar garin nan da mu ke sha da shayi, da wane irin dutse a ke niƙa ta?" Da dariya ta lafa, na ce wa masu dariyar su ba shi amsa, sai aji ya yi tsit. Can wani ya ce shanya ta a ke yi a rana, wani kuma ya ce dafa ta a ke yi har ta kama gindin tukunya sa'an nan a kankare. Babu wanda ya dace. Tambayar yaron kuwa tana da tushe, gama a wurinmu duk abin da a ke kira gari, turmi ne ko dutse ko inji ya farfasa shi: a ɗauki babban abu a yi ta dukansa har ya ƙanƙance. Amma akwai wata hanya dabam ta samun gari, ba daka ba niƙa, ita ce hanyar feshi.

Da ita a ke yin madarar gari, da kofi mai narkewa nan take, da garin sabulun wanki iri-iri, da waɗansu magungunan da a ke shaƙa. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a taɓa ɗaya daga cikinsu ba a gidan malami ko na akawu. Na ga ya kamata in rubuto bayaninta a wannan fili saboda dalili biyu. Na fari, tushen abin lissafi ne mai sauƙi wanda malamin firamare zai iya nuna wa yaransa da curin yumɓu da zare. Na biyu, akwai dukiyar ƙasarmu da ke fita ɗanya, ko kuwa ta lalace a hannunmu, sa'an nan mu koma mu sayo irinta da tsada bayan ta bi ta cikin wannan hikima a ƙasar wasu.

MA'AUNIN ABIN DA IDO BA YA GANI

Kafin mu shiga magana sai mu san mudun da a ke awo da shi. Ku dubi rula: tsakanin ƙananan zane biyu, milimita ɗaya ke nan. In aka raba milimitan nan gida 1,000, kashi ɗaya shi masana ke kira maikiron. Kaurin gashin kan mutum ya kan kai wajen maikiron 70, ko da ya ke na wani ya fi na wani. Jar ƙwayar jini, wadda sai da madubin likita a ke ganinta, faɗinta maikiron 7 ne zuwa 8. Ƙwayoyin da za mu yi magana a kansu su kan kama daga abin da bai kai maikiron 1 ba har zuwa 'yan ɗaruruwa.

In an sa su ƙarƙashin madubi, bambancinsu da garin niƙa a fili ya ke. Garin dawa kamar fasasshen dutse ya ke, mai kusurwa da kaifi. Garin feshi kuwa mulmulalle ne kamar ƙwallo, domin kowace ƙwaya tasa da fari ɗigo ce, ta ƙafe a cikin iska ba ta taɓa kome ba.

ME YA SA ƊIGO KE MULMULEWA?

Wanda ya taɓa ganin raɓa bisa ganyen gwaza da sassafe ya ga amsar da idonsa. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa suna jan junansu, saboda haka fuskar ruwa kullum ɗamewa ta ke so ta yi, sai ka ce fatar da aka ɗaure tam a bakin ganga. Shi ya sa in ka ɗora allura a hankali bisa ruwa ta kan tsaya ba ta nutse ba. To, a cikin dukan siffofi babu wadda ke tattara abu da ƙarancin fuska kamar ƙwallo. Don haka da zarar ɗan ruwa ya rabu da uwarsa a cikin iska, sai ya dunƙule.

Ku ɗaga buta sama ku tsiyaye ruwa a hankali. Kusa da bakin butar ruwan kamar zare ya ke, amma kafin ya kai ƙasa ya tsintsinke ya zama ɗigo-ɗigo. Wani masani na ƙasar Beljiyam, Joseph Plateau, ya bayyana gwaje-gwajensa a kan wannan cikin 1873, sa'an nan Lord Rayleigh na Ingila ya yi masa lissafi cikin 1878. Abin da aka gano shi ne, in zaren ruwa na zuba a natse, faɗin ɗigon da zai fito kusan ninki biyu ne na kaurin zaren. Watau wanda ya iya tsara kaurin zare ya iya tsara girman ɗigo.

Amma tun kafin masana su yi lissafi, wani mai aikin darma a birnin Biristol na Ingila, William Watts, ya riga ya ci abinci da abin. Cikin 1782 aka ba shi takardar shaidar ƙirƙira ta yin ƙananan harsasan farauta. Ya ƙara wa gidansa tsawo ya zama hasumiya, yana zuba narkakkiyar darma ta cikin rariya daga can sama. Darmar ta tsinke ɗigo-ɗigo, ta mulmule, ta daskare tun tana hanya, ta faɗa cikin ruwa a ƙasa. An yi ta aiki da hasumiyar nan tasa har 1968.

Daga nan za a ga hanya biyu ce. Ko dai a narkar da abu da wuta a fesa shi ya daskare don sanyi, ko kuwa a narkar da shi cikin ruwa a fesa shi ya bushe don zafi. Ta hanya ta fari a ke yin waɗansu fararen ƙwayoyin takin zamani na yuriya da manomanmu suka sani. Ta ita kuma a ke yin garin ƙarfe: a saki zaren narkakken ƙarfe, a buge shi da iskar gas mai ƙarfi, ya watse ya zama ƙwallaye ƙanana da ke gudana kamar ruwa, waɗanda injuna ke narkarwa hawa-hawa su gina kayan jirgin sama da na asibiti. Hanya ta biyu kuwa, ta busarwa, ita ce ta madara, kuma ita ta fi shafarmu.

LISSAFIN CURIN YUMƁU

Ruwa ba ya ƙafewa sai ta fuskarsa, inda ya haɗu da iska. Matanmu sun san haka, shi ya sa su ke yayyanka kuɓewa kafin su shanya, mai kilishi kuma ya ke fere nama ya yi fele-fele. Ga lissafin abin.

A yi curin yumɓu mai fuska shida daidai wa daida, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne santimita 10. Girmansa daidai da lita ɗaya ke nan. Kowace fuska murabba'in santimita 100 ce, duka shida 600. In aka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita 1, za a sami gunduwa 1,000, kowace da fuska shida, jimla murabba'in santimita 6,000. Yumɓun bai ƙaru ba ko kaɗan, amma fuskarsa ta ninka sau 10. In aka ƙara yankawa zuwa milimita 1, fuskar ta zama murabba'in mita 6. In aka kai ga maikiron 100, ta zama murabba'in mita 60, watau faɗin daɓen aji mai mita 8 da mita 7 da rabi.

To, haka abin ya ke ga madara. Lita ɗaya da aka fesa ta zama ɗigo masu faɗin maikiron 100 za ta ba da ɗigo wajen miliyan 1,900, fuskarsu gaba ɗaya kuwa daidai da daɓen ajin nan. Lita ɗaya a cikin kwano za ta kwana ta wuni ba ta ƙafe ba, sai dai ta yi tsami. Amma da aka buɗe mata fuska haka, aka haɗa ta da iska mai zafi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ruwanta ya tafi.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN HASUMIYA

Madarar shanu, kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, sauran 13 su ne maiƙo da sukari da abin gina jiki da gishirin ƙashi. In ta iso masana'anta a kan gwada ta, a ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a bi da ita ta rufaffun tukwanen ƙarfe waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu, domin in iska ta ragu ruwa ya kan tafasa tun bai yi zafi ƙwarai ba. A nan a ke janye yawancin ruwan, har madarar ta yi kauri, kusan rabinta ruwa rabinta abinci. Daga nan famfo ya tura ta ƙolin hasumiyar ƙarfe mai tsawon bene hawa da yawa, wadda gindinta ya tsuke kamar mazurari.

A ƙolin ne a ke feshin, kuma hanyoyinsa sun kasu. Akwai wadda a ke matsa madarar da ƙarfi ta fita ta wata 'yar ƙaramar kafa, ta watse kamar hazo. Akwai wadda a ke zuba ta bisa faifan ƙarfe mai juyawa sau 10,000 ko fiye a minti ɗaya, ya yi ta watsa ta ta gefe. Akwai kuma wadda iska mai gudu ke yayyage ruwan, kamar yadda famfon feshin maganin sauro ke yi. Iskar da a ke hurawa cikin hasumiyar ta kan kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa a digiri 100 ya ke tafasa.

Mai karatu zai ce, yaya madara ba ta ƙonewa a wannan zafi? Amsar tana cikin randa. Ruwan randa ya kan yi sanyi ne domin kaɗan daga cikinsa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ƙafewa, ƙafewar kuwa tana tafiya da zafi. Haka gumi ke sanyaya jiki. Muddin ɗigo na da ruwan da zai bayar, ƙafewar na kare shi, zafinsa bai kusanci na iskar ba. Kafin ya bushe kuwa iskar ta riga ta huce, ta sauko wajen digiri 80 zuwa 90, shi kuma ya faɗo ƙasa. Sauran garin da iska ta ɗebe a kan kama shi cikin wani babban mazurari inda a ke sa iskar ta yi ta juyawa kamar guguwa, garin ya bugi bango ya gangaro. Ruwan da ya rage a jikin garin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba sa iya yaɗuwa a irin wannan fari, shi ya sa madarar da ba ta iya kwana biyu ta ke iya yin watanni a gwangwani.

Bayan ɗigo shi ke fara bushewa ya yi ɓawo. In zafi ya yi yawa, tururin da ya maƙale a ciki ya kan hura ɓawon ya zama kamar ƙaramin duma, ciki fanko, shi ya sa garin sabulu ba shi da nauyi. Gari mai laushi ƙwarai kuma ya kan yi gudaji ya yi ta yawo bisa ruwa. Don maganin wannan a kan mai da ƙananan ƙwayoyi cikin feshin su manne da masu danshi su zama curi-curi masu ƙofofi, a kuma shafa musu ɗan maiƙon waken soya, sai ruwa ya ratsa su nan da nan.

ASALIN ABIN

Cikin 1872 aka ba wani mutumin Amurka, Samuel Percy, takardar shaidar ƙirƙira ta busar da abu mai ruwa ta hanyar feshi. Hikimar ta daɗe tana kwance, domin injunan zamanin ba su kai ba. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Merrell-Soule na jihar New York ya fara yin madarar gari da ita don kasuwa. Bayan faɗuwar kasuwannin duniya cikin 1929, kofi ya yi wa ƙasar Barazil yawa har ya rasa mai saye, aka nemi kamfanin Nestlé na Suwizalan ya samo hanyar adana shi. Wani masaninsu, Max Morgenthaler, ya yi shekaru yana gwaji, cikin 1938 aka fito da Nescafé. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya bunƙasa abin, gama an bukaci a kai wa sojoji madara da ƙwai a ƙasashe masu nisa, ba kuwa mai son cika jirgi da ruwa.

GIRMAN ƘWAYA SHI NE AMFANINTA

Kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ya ke haifarwa, saboda haka girman ƙwaya na bin girman ɗigo da kaurin abin da aka fesa. A ce kashi ɗaya cikin 8 na ɗigo shi ne abin da zai rage bayan ruwa ya tafi, kuma ya bushe a dunƙule ba fanko ba. Faɗin ƙwayar zai zama rabin na ɗigon, domin 2 sau 2 sau 2 shi ne 8. Ɗigo mai maikiron 10 zai bar ƙwaya mai maikiron 5. Mai son ƙwaya ƙarama, sai ya ƙanƙanta ɗigo ko ya tsinka ruwan.

Babu inda wannan ya fi muhimmanci kamar wajen magani. Mun san ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta. Manyan ƙwayoyinta a hanci su ke tsayawa mu fyace su, ƙananan su ne ke shigewa ƙirji su ta da tari da fuka. Ta ƙofar da cuta ke shiga, ta nan magani ke bi. Ƙwayar da ta wuce maikiron 10 a hanci da maƙogwaro ta ke maƙalewa. Wadda ke tsakanin maikiron 1 da 5 ita ke kaiwa cikin huhu ta zauna. Wadda ta fi haka ƙanƙanta ƙwarai, da yawanta fitowa ta ke yi tare da numfashi. Maganin ɗaya ne, amma bambancin da bai kai kaurin gashi ba shi ke raba wanda ya isa wurin ciwo da wanda ya tafi a banza.

Don haka masana suka nemi hanyoyin yin ɗigo masu girma ɗaya. Wata hanya ita ce a sa bakin feshin ya riƙa karkarwa a kan ƙa'ida, sau dubbai a daƙiƙa, sai zaren ruwa ya riƙa tsinkewa daidai wa daida kamar 'ya'yan carbi, bisa lissafin Rayleigh da muka ambata. Wata kuma ita ce a haɗa bakin siririyar allura da lantarki mai ƙarfi, ruwan ya yi tsini, daga tsinin wani zare mai siranta ainun ya fito ya watse. Geoffrey Taylor na Ingila ya yi bayanin tsinin nan cikin 1964. John Fenn na Amurka ya yi amfani da irin wannan feshi wajen auna nauyin manyan ƙwayoyin gina jiki, aka ba shi kyautar Nobel cikin 2002.

Amma iya yin abu dabam, samun mai saye dabam. Cikin 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da garin insulin na shaƙa ga masu ciwon sukari, mai suna Exubera, wanda da feshi aka busar da shi, da nufin a rage musu allura. Garin ya yi aikinsa, amma abin shaƙar ya cika girma, kuɗinsa ya yi yawa, likitoci da marasa lafiya ba su karɓe shi ba. Cikin 2007 kamfanin Pfizer ya janye shi, ya rubuta hasarar dala biliyan 2.8. A riƙe wannan labari, za mu bukace shi nan gaba kaɗan.

ƘARON DAKWARA

Yanzu sai mu dawo gida. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙaro, gama da shi a ke haɗa tawada don ta kama allo. Abin da ƙaro ke yi wa baƙin tawada, watau ya riƙe ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa kada su kwanta, shi ne ya sa masana'antun duniya ke nemansa. Man ɓawon lemo ba ya gauraya da ruwa, ƙanshinsa kuma ya kan tashi da wuri. Amma in aka kaɗa shi sosai cikin ruwan ƙaro, sai ƙaron ya lulluɓe kowane ɗan ɗigon mai. In aka fesa wannan haɗi cikin hasumiya, kowace ƙwaya ta zama kamar ƙaramin rumbu, bangonsa ƙaro, cikinsa mai. Ƙanshin na nan a kulle har ranar da aka zuba garin cikin ruwa bango ya narke.

Da irin wannan dabara a ke adana bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Shi ma mai ne, iska da haske na ɓata shi, sai an lulluɓe shi da ƙaro ko sitaci ko wani abu mai kama da su. Tun 2002 dokar Nijeriya ta wajabta ƙara bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki. Wanda a ke zubawa cikin fulawa da sukari, irin waɗannan lulluɓaɓɓun ƙwayoyi ne.

Ƙasar Sudan ita ce kan gaba a duniya wajen ƙaro, Cadi da Nijeriya na biye. A wurinmu itacen dakwara ya fi yawa a Barno da Yobe da Jigawa. Amma yawancin ƙaron ƙasashen nan ɗanye ya ke fita cikin buhu. A Turai, musamman Faransa, a ke narkar da shi, a tace, a fesa, ya zama farin gari mai tsabta, sa'an nan a sayar wa masu yin lemon kwalba da alewa da magani, har da namu, a kan kuɗin da ya fi na ɗanyen nesa ba kusa ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya sa masu saye neman wasu kafofi. Mai tsagar itace a daji shi ke shan rana da ƙaya, riba mai tsoka kuwa tana wurin mai hasumiya.

NONO DA LISSAFINSA

Wani zai ce, ga shanu fululu a ƙasarmu, me ya sa mu ke sayo madarar gari daga Niyu Zilan da Holan da Ayilan, ba mu gina hasumiyoyi ba? Bari mu yi lissafi kafin mu yi fushi. Kilo 1 na madarar gari na bukatar wajen lita 8 na ɗanyar madara. A ce hasumiya na fitar da kilo 1,000 a sa'a, tana aiki sa'a 20 a rana: lita 160,000 ke nan kowace rana. Saniyar gida ba ta cika ba da abin da ya wuce lita 1 ko 2 a rana ba, da rani ma ta kan kasa. Ko da a lita 2 ne, sai an tatsi shanu 80,000, a kai madarar cikin 'yan sa'o'i, da sanyinta, damina da rani. Ga kuma wuta: zafin da a ke bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda a ke bukata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Garin da ke yawo cikin iska mai zafi kuma yana iya kamawa da wuta har ya fashe, sai da ma'aikata masu horo.

Wanda ya gina hasumiya bai tanadi waɗannan ba, abin da ya sami masu Exubera zai same shi, ga hikima ga hasara. A ganina, ta wajen madara aikin farko shi ne wuraren tara nono kusa da rugage, da abin sanyaya shi, da hanya, da ruwa da abincin shanu da rani, da littafin awo na gaskiya wanda makiyayi zai amince da shi. Wannan na ƙarshe aikin akawu ne, kuma in babu shi sauran duk ba za su tsaya ba. Ƙaro kuwa ba ya tsami ba ya ruɓewa, a kan ajiye shi watanni a ci gaba da aiki da shi duk shekara. In za a soma, ta wajensa ya fi sauƙi.

Akwai gargaɗi ɗaya da na ke roƙon malamai su kai gidaje. Zafin hasumiya ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni cikin 2007 cewa madarar jarirai ta gari a dama ta da ruwan da aka tafasa, tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sa'an nan a bari ta huce. Da yawa daga madarar garin da a ke aunawa a kasuwa kuma an cire mata maiƙonta an sa man ja da aka tace a madadinsa. Ta yi wa shayi daidai, amma ba abincin jariri ba ce. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne abin da likitoci ke horo da shi.

ABIN DA MALAMI ZAI YI GOBE

Ba sai da ɗakin gwaji ba. Malami ya kai buta aji, yara su ga zare na zama ɗigo. Ya yanka curin yumɓu gida biyu ta kowane ɓangare, su ƙidaya gunduwa 8, su lissafa su ga fuska ta ninka sau 2, sauran lissafin a ƙarasa a allo. Sa'an nan ya narkar da gishiri cikin ruwa, ya zuba cokali ɗaya cikin murfin kwalba, wani cokali ɗaya kuma ya yayyafa shi da tsintsiya bisa baƙin faranti, a ajiye su a rana. Na farantin zai riga bushewa, ya bar fararen tabo, babban ɗigo babban tabo, ƙarami ƙarami. Yaron da ya ga wannan ya kama tushen abin da hasumiya ke yi, gani kuwa ya kori ji.

Ɗalibin nan da aka yi wa dariya, shi na sa ya shirya wannan darasi ya koya wa 'yan'uwansa a mako na gaba, ya kuwa yi shi yadda ya kamata. Ina fata malamai su daina barin a yi wa mai tambaya dariya, domin masu aikin hasumiyoyin da mu ke so a gina, daga cikin irin waɗannan yara za su fito. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.